Fankar Danwarai da Bijiman Baffa

Danwarai, 6 ga watan Azumi

Zuwa ga Yaya Waliyyu, a Minna.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata wagga takarda ta iske ka lafiya, kai da Anti Rahma da yara, da fatan karatu shina tafiya daidai. Ya ibada? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sauko da wuri. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har bakin rijiya take zuwa da kanta.

Yaya, ran Talata da ta wuce, da munka fito sallar asuba gari ya fara haske, na zagaya bayan ɗakin Inna in ɗauki lambar mita yadda ka koya mini. Na ɗaga kai wajen fankar iskar nan da kunka kafa bisa dogon ƙarfe, sai na ga kurciya kwance a wuyanta, daidai inda fukafukan uku sunka haɗu. Na jingina tsani na hau a hankali. Sheƙa ce ta yi, cikakkiya, da ƙwai biyu. Na daɗe bisa tsanin ina kallo. Ka san kurciya ba ta gama sheƙa a wuni ɗaya. Ban taɓa komi ba na sauko, na ce dai in shaida maka.

Sauran kaya suna nan yadda ka bar su wata biyar da sunka wuce: farantan sola shida bisa kwano, batura huɗu a ɗakin ajiya, da ƙaramin janareto. Ban manta bayaninka ba. Ka ce rana ta yi aiki da rana, in ta faɗi iska ta karɓa, janareto kuwa sai in ta ɓaci ƙwarai. To, janareton shina samun motsa jiki, tsatsa ba za ta kama shi ba.

Inna ta ce a yi maka godiya ba iyaka. Ta ce kakanmu da kakanku ne kaɗai wa da ƙane, amma da ka tashi gwajin karatunka ka tsallake gidajen na kusa ka kawo shi gidanmu da babu uba a ciki. Tun da wuta ta zo ba mu rasa baƙi ba. Jiya da hantsi na ƙirga waya talatin da ɗaya shimfiɗe bisa tabarmar zaure suna shan caji. Firij kuwa, tun da azumi ya kama babu macen unguwa da ba ta aiko da robarta ta ruwa ko ta zoɓo. Na ce, "Inna, Yaya hwa mutum takwas ya lissafa." Ta ajiye muciya ta dube ni. "Uwar Audu ta ba ka nono wata biyu da nike kwance ba a san ko in tashi ba. Ita za ni cewa ta kwashe robarta? Je ka gaya mata da bakinka, mai lissahi." Na koma na ci gaba da jera robobi.

Albasa ta yi kyau bana, alhamdu lillahi. Rudu uku na cika na lulluɓe da ciyawa don ajiya. Ɗaya na riga na buɗe na kai kasuwar Aliero.

Kafin azumi Baffa Hashimu na Giwa Tazo, ƙanen babanka, ya zo gaida Inna. Anka ba shi ruwa daga firij, ya sha, ya manna kofin a kumatu ya daɗe. Daga nan ya tashi ya zagaya gidan, ya ƙwanƙwasa batir da yatsa, ya tsaya ƙarƙashin fanka ya karya wuya shina kallo. Ya ce, "Sirajo, nawa wanga abu duka?" Na ce sai dai a tambayi Yaya. Ya ce, "Ko bijimaina biyu na huɗa za su saye shi?" Mu duka munka yi dariya. Shi bai yi ba.

Ga takardun lamba na wata biyu na sa a ambulan, Ɗantsoho direba na tashar Jega zai kawo maka kamar na baya. Duk inda ka ga fili, ni na bar shi fili.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanenka, Sirajo.

Minna, 19 ga Maris

Ƙanena Sirajo,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. Mun ji daɗin labarin ƙafar Inna, Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma lafiya, ƙaramin ne ya yi zazzaɓi kwana biyu ya warke. Rahma na gaishe ku.

Wallahi ka faranta mini rai. Labarin kurciyar nan har abokan karatuna na karanta wa. Mutane na cewa fankar iska tana da ƙara, tana kashe tsuntsaye. Ga tamu har tsuntsuwa ta mayar da ita ɗaki. Zan sa wannan a rubutuna.

Maganar maƙwabta kuma kada ta dame ka, ni riba ce a gare ni. Tsarin da na auna wa mutum takwas ga shi ya ɗauki unguwa guda bai gaza ba. Na zauna da takardunka na wata biyar na shigar da su kwamfuta. Babu ranar da gidan ya rasa wuta, kuma gurbin fetur babu komai tun wata na biyu, wato sifili. Ka san ma'anar wannan? Gidan da ke ƙona fetur kullum a janareto, in ya haɗa sola da iska da batir irin namu, cikin shekara huɗu kuɗinsa sun dawo. Daga nan wuta kyauta har shekara goma sha biyar ko fiye. Abin da nake ta faɗa ke nan shekara uku ana yi mini kallon mai mafarki.

Baffa Hashimu ya kira ni a waya, mun yi doguwar magana. Na gaya masa gaskiya: bijimi ci yake yi rani da damina, rana kuwa ba ta cin dusa. Na ce ya bari Layya ta matso, lokacin da dabba ke tsada, sannan ya sayar. Akwai wani mai shago a Jega da zai haɗa masa kayan gaba ɗaya. Huɗa kuwa sai ya yi hayar tarakta kamar yadda duniya ke yi yanzu. In ya zo gare ka ka ƙarfafa masa gwiwa, kai ne ka gani da idonka.

Na ji ka fara kai albasa kasuwa, Allah ya sa albarka. Ka ga amfanin wuta, har kasuwa ta buɗe maka. Ci gaba da ɗaukar lamba safe da yamma, kada ka tsallake ko rana ɗaya. Sunanka zai fito a shafin godiya na littafina, da manyan baƙaƙe.

Yayanka, Waliyyu.

Danwarai, 5 ga watan ƙaramar Sallah

Yaya Waliyyu,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Allah ya ƙara wa ƙaramin lafiya. Inna lafiya lau, ta ce a gaya wa Anti Rahma atamfar ta iso, ta gode.

Yaya, ka yi mini haƙuri da abin da za ni rubuta. Na so in kira ka, sau uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Bakina ba ya iya gaya maka wagga magana, hannu ya fi shi ƙarfin hali. A takardar baya na yi maka magana yadda ake yi wa babba a nan, a kaikaice, ina zaton za ka gane. Da wani tsoho na bakin masallaci na karanta wa ita, da tun a zancen kurciya ya ce, "Subhanallahi, abu ya mutu." Kai a birni ka tashi, laifina ne da ban tuna ba. Yanzu ga ta a miƙe.

Fanka ba ta juyawa. Tun da kunka kafa ta, kwana goma sha ɗaya na ga ta yi gudun kirki, na sa alamarsu a bango da gawayi. Dogonyaron gidan Liman da katangar masallaci sun tare ta ta gabas. Na ce ko wurin ne, sai na ɗaura tsumma a dogon gora na kai fili bayan gari na kafa, na yi sati biyu ina zuwa ina dubawa. Tsumman ma barci yake yi yawancin wuni. Iskarmu ba ta san tsaka-tsaki ba: ko ta kwanta, ko ta taso gaban hadari ta kwashe rufin mutane.

Batura kuma zafi ya cinye su. Ɗakin ajiya da rana kamar tanderun mai burodi. Da farko suna kai mu asuba. Cikin azumin nan kafin a gama buɗa-baki akwatin nan na bango da ka ce inbata ya fara kuka, sai in tada janareto.

Jarkar fetur da ka bari ta ƙare a sati na biyar. Daga ran nan lita biyu nake saye kullum, wata rana uku. Gurbin fetur na takardarka na bar shi fili don na ga kamar in na rubuta roƙonka nake yi ka biya, kai da ka kawo mana alheri. Ban rubuta sifili ba, Yaya, Allah shina gani. Rudun da na ce na buɗe, fetur ya sha shi. Duk wanda ya san albasa ya san ba a buɗe rudu lokacin da kowa ke girbi buhu na kuɗin banza. Ana jira sai damina ta yi nisa. Mai buɗewa yanzu, wuya ta kai shi. Na biyu ma ya kai rabi. Na yi ne don kada a ce abin Waliyyu ya mutu, ga Inna ba ta da hira a gidan suna sai taka.

Kada ka ce maƙwabta ne kaɗai, na gwada. Kwana uku na kulle zaure na ce ana gyara. Awa biyu kacal batir ya ƙara kafin ya yi kuka. A kwana ukun nan Uwar Audu ta wuce Inna a bakin rijiya ba ta gaishe ta ba, Inna ta dawo ta zauna bakin murhu ta ƙi cin tuwo. Na buɗe zaure.

Ni dai ga abin da idona ya gani. Sola tana aiki, ba ta taɓa yi mana ƙarya ba. Faranti biyu da batir ɗaya, ƙwan lantarki huɗu da cajin waya, tumaki biyu za su saye su, kuma kowane gida zai ji daɗi. Amma fanka da firij da manyan batura, wanga kayan mai albashi ne.

Baffa baki goma sha huɗu ke ci a gidanshi, duk daga bayan bijiman nan. Su ke yi mishi huɗa, su ke yi wa mutane huɗa a biya shi da gero, su ke jan amalanke da rani. Taraktar haya da ka ce, ɗaya ce a yankinsu, kuma gonakin manya take fara yi. Kafin ta waiwayi irin Baffa ruwan shuka ya wuce.

Don Allah, don zumuncin kakanninmu, ka kira shi ka ce ya dakata. Ni in na faɗa ba zai ji ba, aji shida na yi. Kai ko tari ka yi zai tsaya ya saurara. Ina jiran amsarka.

Ƙanenka, Sirajo.

Minna, 8 ga Mayu

Sirajo,

Salamu alaikum. Ina fata kowa lafiya, Inna da ƙafa, da ku duka. Mu lafiya, sai hidima.

Shiru tun cikin azumi. Ko kuɗin albasa sun sa ka manta da yayanka? Ko layi ɗaya ban gani daga gare ka ba. Na je tasha sau biyu, an ce motar Ɗantsoho tana gareji a Kontagora. Wayarka kuma kullum a kashe, kai da ke da wuta a gida!

Albishirinka. Na gabatar da aikin gaban malamai, an tafa mini. Wani daga cikinsu ya ce bai taɓa ganin lambobin ƙauye masu tsabta haka ba. Saura zama na ƙarshe a tsakiyar Yuni, daga nan sai takardar shaida. Akwai ma wani kamfani da ya yi mini maganar aiki in komai ya tafi daidai. Ka taya ni addu'a.

Baffa ya tsayar da rana: kasuwar Jega ta sati biyu kafin Layya. Na aika masa kwafin takardun don ya nuna wa masu yi masa surutu. Ka raka shi kara, kai ka san dillalan shanu, kada a cuce shi.

Yayanka, Waliyyu.

Minna, 17 ga Mayu

Sirajo,

Salam. Muna lafiya. Ina fata kuna lafiya.

Jiya takardarka ta watan Sallah ta iso. Sati shida ta yi a cikin motar Ɗantsoho, duk baƙin mai. A tsaye na fara karanta ta a tasha, sai da na nemi benci.

Ka san abin da ka yi mini? Shekara uku na karatu, da kuɗin kayan nan da sai da Rahma ta sayar da sarƙarta kafin su cika, duk na ɗora su a kan takardun hannunka. Cewa na yi ka rubuta abin da ka gani. Ban ce ka yi mini kara ba, ban ce ka yi mini zancen kurciya ba. Lissafi bai san kunya ba. Inda babu komai, sifili ne. Layi ɗaya, "Yaya fetur ya ƙare", da tun wata na biyu na gyara komai. Yanzu an buga littafi, an sa hannu, saura sati huɗu.

Kuma bari in faɗa maka abin da Rahma ta ce, don ni ma ya tsaya mini a rai. Waya talatin da ɗaya kullum, firij cike da robobin mutane, a ce duk kyauta? A garin nan ba wanda ke yi wa mutum caji don Allah. Ban ce ka yi ba. Amma batir da aka ce zai yi shekara biyar ba ya mutuwa a wata bakwai sai da dalili.

Maganar Baffa, gidansa a fili yake, babu dogonyaro, kuma zan gargaɗe shi kada ya mayar da zaurensa tasha. Nasa zai yi aiki. Mai shagon ya riga ya sa an taho da kayan daga Legas da sunana. In Baffa ya janye yanzu maganar za ta zaga dangi kaf, kuma ba a Giwa Tazo za ta tsaya ba.

Saboda haka ka kama bakinka. In ya tambaye ka, ka ce ana samun wuta. Ai ana samu. Bayan Yuni zan zo in duba komai, in biya ka fetur ɗinka har da asarar albasa. Ka yi shiru wata bakwai ba wanda ya sa ka. Yanzu ni na sa ka, ka ƙara wata ɗaya.

Waliyyu.

Danwarai, 27 ga Zulƙida

Yaya Waliyyu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu lafiya. Ƙafar Inna ta ɗan tashi da sanyin hadari, ana shafa mata magani. An yi ruwan farko, mutane sun fara fita gona.

Takardunka biyu rana ɗaya sunka iso, ana jibi kasuwa. Na karanta ta farko, na karanta ta biyu, na sake karanta ta biyu. Ban karanta wa Inna ba, na ce mata kana gaisuwa.

Maganar kuɗin caji, a gaya wa Anti Rahma na ji. Wayata da ka ce kullum a kashe take, ba a kashe take ba, ta bi albasa tun bayan Sallah. Iyakar amsata ke nan.

Inda ka ce laifina ne, na karɓa. Layi ɗaya ya isa, ban rubuta ba. Na yi ta juya abin a raina, sai na ga roƙon da ka yi mini shi ne in sake yin laifin nan, wanga karon da sanina. Na ari wayar Ɗantsoho na kira ka sau biyar in gaya maka ba za ni iya ba, ba ka ɗauka ba. Washegari na hau mashin zuwa Giwa Tazo. Iklima matar Baffa ta ce ya riga ya kora bijiman da ƙafa tun hantsi, zai yada zango a Gehuru wajen abokinshi. Tana magana tana kallon turaku babu komi a jikinsu. Ta ce, "Sirajo, kai ka ga abin nan da idonka. Akwai alheri ciki?" Na ce mata za ni iske shi.

Da sassafe na shiga karar Jega, Ɗantsoho ya rako ni. Na iske Baffa gindin tsamiyar da Hauwa'u mai fura ke zama, riƙe da igiya biyu. Ya wanke su tas, Farin da Jan, har ƙahonsu ya shafa wa mai. Jibrilla mahauci shina zagaya su shina danna ƙugu da babban yatsa, Habibu dillali na tsakani. Na durƙusa na gaida Baffa, na ce ina da magana a gefe. Ya ce, "Faɗi nan, ba ni da asiri da kasuwa."

Sai na faɗa. Fanka, batir, fetur, rudu, ban rage komi ba. Na ce, "Baffa, sai da tumaki biyu ka sa faranti biyu, ka bar bijimanka. Ga ruwa ya sauka."

Habibu ya kece da dariya. "Kai samari, ciniki na shirin faɗawa ka zo mana da wa'azi? Ko kai ma la'ada kake so?"

Jibrilla ya ce, "Bar shi ya gama. Ni ba na sayen dabbar da ake jayayya bisa kanta."

Baffa ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Wata bakwai kuna shan ruwan sanyi kai da uwarka. Da nawa ya zo, sannan abin ya lalace?" Ya sa hannu aljihu ya ciro takardar da ka aiko mishi, ya warware ta gaban mutane. "Wanga hannun wa na?"

Na duba. Hoton takarduna ne, rubutuna, lambobina. Gurbin da na bari fili an bi shi da sifili tun daga sama har ƙasa, da biron da ba nawa ba. Na ce hannuna ne, ban da sifilin.

"Aji nawa ka yi?"

Na ce shida.

"Waliyyu hwa?"



Duk da haka jikinshi ya yi sanyi, Yaya, na gani. Ya dubi bijiman, ya dubi gabas inda hadari ke haɗuwa. Ya ciro waya ya kira ka, ya buɗe murya don kowa ya ji. Nashi kiran ka ɗauka a bugu na biyu. Ya ce, "Waliyyu, ga Sirajo nan, ya ce abinka fetur shika sha." Na ji mashin ya wuce a wajenku. Na ce a raina, yanzu zai faɗa. Sai ka ce, "Baffa, yaro ne, bai fahimci aikin ba. Ka sayar, ina nan."

Baffa ya mayar da waya aljihu, ya ce wa Habibu, "Na sallama."

Anka kawo mota anka jingina katako. Farin ya hau. Jan ya kafe ƙafafu a bakin katakon, mutum huɗu na turawa, wani na murɗa mishi wutsiya, ya ƙi. Jibrilla ya ce, "Malam Hashimu, yi mishi magana, muryarka ya sani." Baffa ya matsa ya yi ɗan kiran nan da yake yi musu in sun kai ƙarshen gona za su juya. Jan ya ɗaga kunne, ya hau da kanshi. Baffa ya kwance igiyoyinshi ya naɗe a hannu, tunda ba a sai da dabba da igiyarta. Ya wuce ta gabana zuwa shagon mai sola bai dube ni ba.

Na dawo gida na gaya wa Inna komi, ban da maganar kuɗin caji. Tun daga ran nan ba ta sake ambaton sunanka a gaban mutane ba. Rudu na uku ba za ni buɗe shi ba. Ban sake sayen fetur ba. In inbata ya yi kuka sai in kashe, kowa ya nemi tocilarshi. Takardun lamba za ni ci gaba da aiko maka har ranar da ka zo kwashe kayanka, kuma kowane gurbi za ka iske shi cike.

Na rubuta wagga ne don wata rana. Ranar da batir ya fara kuka a Giwa Tazo, gona kuma tana kwance babu huɗa, dangi za su zauna su nemi wanda ya sani ya yi shiru. Ba ni ba ne. Na faɗa a kara, da safe, da ƙarfi, kafin a sallama. Habibu dillali ya ji. Jibrilla mahauci ya ji. Hauwa'u mai fura ta ji, har ta ajiye ludayi. Ɗantsoho shina tsaye bayana tun farko har ƙarshe. Baffa Hashimu ya ji da kunnenshi. Da kai, Yaya, ta waya.

Sirajo.